Yaushe Ka Tuba?



Akwai wata tambaya da muke yi wa juna a ikkilisiya ba tare da mun tsaya mun auna ta ba. In baƙo ya zo, ko kuwa za a shirya mutum don baftisma, sai ka ji an ce masa: yaushe ka tuba? Shi kuma sai ya ba da shekara. Tsofaffinmu na Wusasa da Garkida da Kagoro har wata da rana sukan faɗa, su kwatanta maka mai bisharar da ya yi wa'azi da itacen da aka zauna a gindinsa. Na bayansu za su ce a taron Sabon Rai ne, wani ya ce a falkaswar ƙarshen shekara. Wanda ya shigo bangaskiya da girmansa kuwa har suna muka ba shi, muna ce masa tubabbe.

Ranar nan tana da daraja, kuma duk wanda ya san tasa ya riƙe ta da kyau. Sai dai harshenmu ya yi mana wani abu a nan. Da yake kalma ɗaya ce muke faɗa wa shiga addini da kuma juyowa daga zunubi, sai tuba ta zame mana kwanan wata. Abu ne da ya faru, aka rubuta a littafin ikkilisiya, aka rufe littafin. Je ka ce wa wanda ya shekara talatin yana dattijo ya tuba, ka ga yadda fuskarsa za ta canja. Zai ɗauka ka mai da shi marar bi. Wanda aka haifa a gidan Kirista kuma sai ya ce maka shi tun yana goye yake zuwa sujada, daga me zai tuba? Damuwata ke nan a yau, domin na daɗe ina ganin mutanen da shekarunsu a cikin bangaskiya suke ƙaruwa amma halinsu yana nan inda yake tun ranar baftisma. Na kuma ga hakan a kaina.

A daren da aka ba da Yesu, kamar yadda Yohanna ya ba mu labari a sura ta 13, ya ɗaura tawul, ya zuba ruwa a daro, ya bi almajiransa ɗaya bayan ɗaya yana wanke musu ƙafa. Bitrus ya ƙi. Da aka nuna masa muhimmancin abin, sai ya wuce gona da iri, ya nemi a haɗa masa har kai da hannu. Ubangiji ya fahimtar da shi cewa shi ya riga ya yi wanka, ƙafa ce ta rage. Mu mutanen ƙasar hunturu ba ma bukatar mai fassara a nan. Ka yi wanka da safe, ka shafa mai, ka sa silifa ka taka zuwa kasuwa. Kafin azahar ƙafarka ta yi futu-futu. Ba wanda zai ce wankan safen bai yi ba, kuma ba mai hankalin da zai hau shimfiɗa da wannan ƙafar. Wankan shi ne ranar da kake faɗa in an tambaye ka yaushe ka tuba. Ƙafar kuwa ta kowace yamma ce. Ku duba addu'ar da Ubangiji ya koya mana, wadda yaranmu suke haddacewa tun a makarantar Lahadi: roƙon abincin yini da roƙon gafara a jere suke, numfashi ɗaya ke ɗauke da su. Wanda zai nemi tuwo gobe, zai nemi gafara gobe.

Shi kansa Bitrus ɗin, kowa ya san kukan da ya yi bayan carar zakara. Abin da ba mu cika karantawa ba shi ne na Antakiya, a Galatiyawa sura ta 2. A lokacin an riga an yi Fentikos, ya riga ya yi wa'azin da mutum wajen dubu uku suka ba da gaskiya, ya riga ya shiga gidan Karniliyus ya gani da idonsa Allah ba ya tara. Yana cin abinci kwano ɗaya da 'yan'uwa waɗanda ba Yahudawa ba, sai ga baƙi daga Urushalima. Nan da nan ya janye hannunsa, ya koma gefen 'yan ƙabilarsa, har Barnaba ya bi sahunsa. Bulus ya tsaya ya faɗa masa gaskiya a gaban jama'a. Manzo guda, ginshiƙin ikkilisiya, tsoron mutane da ƙabilanci suka kama shi bayan duk abin da Allah ya yi ta hannunsa. In mun tuna yadda zaɓen shugabanni yake raba mu gida-gida da yare-yare a gundumominmu, za mu san Antakiya ba ta yi mana nisa ba. Haka kuma a Ru'ya ta Yohanna, cikin ikkilisiyoyi bakwai da aka aika wa saƙo, biyar an kira su su tuba. Waɗannan masu bi ne, masu sujada da baiko. Ta Afisa ma an yabe ta da aiki da jimiri da ƙin koyarwar ƙarya. Ƙaunarta ce ta huce, kuma abin da aka nema a gare ta ke nan, tuba.

Wannan ba sabuwar koyarwa ba ce. A watan Oktoba na 1517, da Martin Luther ya fitar da batutuwansa 95 a garin Wittenberg na Jamus yana ja da sayar da takardun sassauta horon zunubi, batu na farko a kan wannan yake: kiran da Yesu ya yi na tuba kira ne da ya shafi dukan kwanakin mai bi. 'Yan'uwanmu Katolika suna zuwa wurin Fada su furta zunubi, suna karɓar toka a goshi kowace shekara a farkon azumin kwana arba'in. 'Yan Angilika suna furta zunubi tare a cikin sujadarsu. Ba wanda zai ce ɗarikarsa ba ta san da maganar ba.

Amma ina so mu daɗe kaɗan a wani wuri a nahiyarmu, inda aka ɗauki wannan magana da gaske har ta girgiza ƙasashe. A 1929, wani likita ɗan Ingila mai suna Joe Church, wanda yake aiki a asibitin mishan na Gahini a Ruwanda, ya sauka Kamfala a gajiye. Ya fito daga fama da wata muguwar yunwa da ta kashe mutane da yawa a yankin, zuciyarsa kuma ta bushe. A can ya haɗu da Simeoni Nsibambi, wani ma'aikacin lafiya na gwamnati ɗan ƙabilar Baganda, wanda shi ma yake jin ƙishin wani abu da ya fi zuwa sujada kawai. Suka zauna suna bin ayoyin da suka yi magana a kan Ruhu Mai Tsarki. Dukansu biyu Kiristoci ne tun tuni, ɗaya ma mishan ne da ya ƙetare teku don bishara. Abin da suka gano a zaman nan shi ne su ne suke bukatar juyowa.

A asibitin Gahini akwai wani babban ma'aikaci, Yosiya Kinuka, wanda ba ya ga maciji da likitan, har yana shirin barin aikin. Aka tura shi wurin Nsibambi a Kamfala. Ya dawo wani mutum dabam, kuma abin da ya fara yi shi ne neman gafarar waɗanda ya daɗe yana riƙe da su a zuci. Blasio Kigozi, ƙanen Nsibambi, shi ma yana Gahini yana koyarwa. Daga ƙaramar addu'ar asuba ta waɗannan mutane wutar ta kama, zuwa tsakiyar shekarun 1930 ta ƙetara Kabale a kudancin Yuganda, daga nan ta bazu zuwa Burundi da Kenya da Tanganyika. Aka sa musu suna Balokole, wato cetattu a harshen Luganda.

Me ya bambanta su? Ba su kafa sabuwar ɗarika ba, yawancinsu sun zauna a ikkilisiyoyinsu. Abin da suka riƙe shi ne abin da suke kira tafiya cikin haske, daga wasiƙar Yohanna ta fari. Sukan taru a kai a kai, kowa ya faɗi inda ya faɗi tun haɗuwarsu ta baya, da sunan laifin, ya kuma faɗi yadda Yesu ya ɗaga shi. Ba labarin shekara ashirin da suka wuce ake nema ba, na wannan makon ake so. Kuma tubarsu tana da ƙafa. Wanda ya ɗauki kayan mutane ya mayar, wanda ya ci bashi ya yi shiru ya je ya biya, miji ya nemi gafarar matarsa, abin da al'adar wurin ba ta saba gani ba. Turawan mishan da suka shiga cikinsu suka nemi gafarar baƙaƙen fata saboda girman kai da raini, a zamanin mulkin mallaka, lokacin da Bature ba ya kuskure a idon hukuma. Shugabannin ikkilisiya da yawa ba su ji daɗin abin ba. A 1941 kwalejin horar da fastoci ta Mukono ta kori ɗalibai fiye da ashirin, cikinsu har da William Nagenda, saboda sun ƙi daina addu'ar asuba da wa'azin tuba da hukumar makarantar ta hana.

A cikin 'ya'yan wannan falkaswa akwai Janani Luwum, malamin makaranta da ya ba da ransa ga Almasihu a 1948, ya zama Babban Bishop a 1974, gwamnatin Idi Amin ta Yuganda ta kashe shi a watan Fabrairun 1977 bayan ya fito fili ya yi magana a kan kashe-kashe da ɓacewar mutane. Akwai kuma abokinsa Festo Kivengere, Bishop na Kigezi. Labarin Kivengere ne ya fi tsaya mini. Kwanaki kaɗan bayan kisan Luwum, shi da matarsa suka gudu, suka hau duwatsu da ƙafa cikin dare suka shiga Ruwanda. A ranar Jumma'a Mai Kyau ta wannan shekarar yana zaune a wata majami'a a Landan, ana wa'azi a kan yadda Yesu ya roƙa wa masu gicciye shi gafara. Nan ya gane zuciyarsa ta taurare da ɗacin Idi Amin. Ku lura, masu sauraro: shi aka zalunta. Abokinsa aka kashe, shi aka raba da ƙasarsa. Duk wanda ka tambaya zai ce yana da hujjar riƙe mutumin nan. Ya shekara fiye da talatin da tuba, ya yi wa dubbai wa'azi a ƙasashe da dama, ga shi bishop. Duk da haka shi ne ya nemi gafarar Allah a kan abin da ya tsiro a zuciyarsa, ya kuma rubuta ɗan littafi da ya faɗa a cikin sunansa cewa yana ƙaunar Idi Amin. Bai wanke Amin ba, bai daina kiran kisa kisa ba. Tasa ƙafar ya wanke. Mu da muka binne 'yan'uwa a rikice-rikice, muka ga an ƙona majami'u da gidaje, na san wannan magana tana da nauyi a kunnenmu. Ni ma tana yi mini nauyi. Amma ba zan iya tsallake ta ba.

Ba zan ɓoye muku aibin falkaswar ba. A wasu wurare furta zunubi a fili ya zama abin nuna kai, wasu suka riƙa tona asirin waɗanda ba su nan, musamman a laifin zina, aka ɓata gidaje. Wasu suka mai da kansu ma'aunin ceto, wanda bai yi irin furcinsu ba suka ce bai tsira ba. Sannan ga abin da ya fi ciwo. Ruwandar da wutar ta tashi, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kiristoci ne, ita ce a 1994 aka yi kisan ƙare dangi, aka hallaka mutum wajen 800,000 cikin kwana ɗari, wasu a cikin majami'u. Dalilan wannan bala'i suna da yawa, akwai siyasa, akwai tabon mulkin mallaka, akwai farfagandar gidan rediyo. An kuma sami masu bi da suka ɓoye maƙwabtansu, wasu suka mutu tare da su. Abin da na ɗauka a ciki shi ne jika ba ya gadon tubar kakansa kamar yadda yake gadon gona.

To, na san abin da wani yake faɗa a ransa yanzu. Yana cewa: in kullum tuba, kullum tuba, ina farin cikin ceto? Ashe mutum zai zauna cikin fargaba ke nan, yana shakkar ko Allah ya karɓe shi? Tambaya ce mai kyau. Bulus, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, ya raba baƙin ciki gida biyu, akwai mai kai mutum ga rai, akwai mai kai shi ga mutuwa. Yahuza da Bitrus duk sun yi nadama a kan abin da suka yi wa Ubangijinsu. Yahuza har kuɗin ya mayar. Amma shi ya kai nadamarsa wurin waɗanda ba su da gafarar da za su ba shi, sannan ya tafi shi kaɗai. Bitrus kuwa, da ya ji an ce Ubangiji ne a bakin teku, tsalle ya yi ya faɗa ruwa ya nufe shi. Ɗan da ya tabbata gidan ubansa ne, shi ne yake iya shigowa ya ce Baba na yi ɓarna. Bara mai tsoron kora shi ke ɓoye tukunyar da ya fasa. Wanda ya san an riga an karɓe shi saboda gicciye, shi ne ya fi kowa sauƙin cewa na yi laifi.

Wani kuma ya ce: laifin nan ɗaya nake ta tuba a kansa, ina komawa, ashe ba tuban muzuru nake yi ba? Tuban muzuru shi ne kana ba da haƙuri da kaza a bakinka, ba ka da niyyar saki. Wanda ya saki, ya faɗi, ya tashi, ya sake saki, manomi ne. Wane manomi ne yake yin firi ya rataye fartanya ya ce ya gama? Sai ya koma maimai. Wanda kuma gonarsa take da wuta-wuta ya san irinta yakan shekara da shekaru a ƙasa, ya san tana kama saiwar dawa tana tsotsa tun kafin ta fito ta nuna furenta. Gogaggen manomi ba wanda gonarsa ba ta ciyawa ba ne. Da ya ga ganyen dawa ya fara sauya launi ya san abin da ke ƙasa, ba ya jira sai ta yi fure ta zubar da iri. Haka girma cikin Almasihu yake a idona. Da sai ka yi wata uku kana gaba da matarka kafin ka gane kai ne da laifi, yanzu kafin a kashe fitila ka gane. Da sai ka zagi mutum kake jin nauyi, yanzu tun raini yana zuci kake jin sa.

Akwai abin da yake hana mu wannan, kuma a cikin gidanmu yake. Horon ikkilisiya a wurare da yawa laifi biyu ko uku kawai yake kamawa: cikin da ya fito, giyar da aka gani, auren da ba a ɗaura a majami'a ba. Yarinya ta zauna a bencin baya wata shida, kowa yana kallonta. Mai tauye mudu, mai danne gonar gwauruwa, mai hana ma'aikacinsa albashi, mai raba ikkilisiya da gulma, duk suna benci na gaba suna karɓar jibin Ubangiji. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Da haka yaranmu suka koyi cewa tuba hukuncin wanda aka kama ne. Yaushe rabon da ka ji fasto ko dattijo ya tsaya a gaban jama'a ya ce, abin da na yi a taron jiya ban kyauta ba? Muna da wata dabara kuma. A sujadar shiga sabuwar shekara sai a ce mu yafi juna, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Kowa ya miƙa hannu, a yi waƙa, a watse. Zakka mai karɓar haraji a Yariko bai yi irin wannan ba. Ya faɗi abin da zai mayar, ya faɗi ninki nawa.

Ni ma na ɓuya a bayan wannan dabarar. Shekarun baya, a taron dattawan ikkilisiyarmu, ana maganar kuɗin rufin majami'a, na jefa wata magana a kan ma'ajinmu. Ban ce ya ci kuɗi ba. Cewa na yi ya kamata a duba, tunda ana ganin sabon babur a gidansa. Aka duba, lissafi ya fito daidai har kwabo, babur ɗin kuma ɗansa ne ya aiko masa. Na yi shiru. Magana zarar bunu ce, ta riga ta bar ɗakin taro ta shiga unguwa. Ya ajiye aikin ma'aji. Matarsa ta daina zuwa Zumuntar Mata. Ni kuwa na ci gaba da jagorar addu'a, na ci gaba da cin jibi, sau biyu na miƙa masa hannu a daren sabuwar shekara muka ce mun yafi juna.

Wata ranar Lahadi ana karatun inda Yesu ya yi magana a kan mai kawo baiko wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ambulan baikona yana hannuna, na kasa tashi. Da yamma na tafi gidansa. Na tarar da shi a kan tabarma a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa, tsohon rediyonsa a gefe. Muka gaisa, muka taɓa maganar damina. Sannan na ce, Baba, idan na taɓa yi maka wani laifi, ka yafe mini. Bai ɗago ba. Ya ɓare gyaɗa biyu ko uku, ya zuba a kwano, ya ce, "Idan?"

Nan na faɗi abin da sunansa. Na ce na zarge ka da sata ba tare da hujja ba, hassada ce ta sa ni, kuma da gaskiya ta fito na yi shiru don kada girmana ya zube. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗana, na yafe maka tun tuni, don in ban yafe ba ba zan iya addu'a ba. Amma a gaban mutum goma sha biyu ka faɗa. Yanzu ga mu mu biyu."

Taron dattawa na gaba ya faɗo bayan mako uku, kuma a cikin makonnin nan na samo wa kaina dalilai da yawa na barin maganar ta mutu. Ranar taron, bayan an karanta rahoton zaman baya, na ɗaga hannu na nemi izini, na tsaya na maimaita abin da na faɗa a kan tabarma, na roƙi magatakarda ya rubuta shi a littafin taro, a ƙarƙashin inda aka rubuta zargin. Ya rubuta. Tsohon bai karɓi aikin ma'aji ba ko da aka sake roƙonsa, ya ce shekaru sun ja. Matarsa kuwa sai da aka yi girbi aka kai amfani gida kafin ta amsa gaisuwata.